An Sace Tsawar Misis Ackroyd

Shekara talatin da ɗaya Enid Ackroyd tana yi wa mutanen Skelbeck tsawa, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ganinta tana yi.

Haka aikin ya gada. Duk lokacin sanyi 'yan ƙauyen sukan haɗa wasan kwaikwayo a zauren coci, mahauci ya zama sarki, matar gidan waya ta zama gimbiya, sauran jama'a su jeru a kujerun nan masu cin ɗuwawu su yi ta tafi. Su Enid kuwa, 'yan bayan labule, baƙaƙen kaya suke sawa daga sama har ƙasa. Ba sa fitowa, ba sa rusunawa in an gama. Doka ce tun ta kakanni, wanda ya kuskura ya leƙo da kansa ana cikin wasa, shi zai wanke kofunan shayi na mako guda.

Kayan aikinta wani fallen ƙarfe ne da ya fi ta tsawo, rataye da igiya biyu a bayan dandamali. Mijinta marigayi, Wilf, shi ya yanko shi daga tsohuwar masaƙar ulu shekarar da aka rufe ta, kuma shi ya koya mata hannu. Yakan ce kowane wawa ya iya hayaniya, amma tsawa sai wanda ya sani. Ka fara da cida can nesa, kamar cikin mai jin yunwa. Ka jira sai mutane sun ɗaga kai. Sannan ka saki abin gaba ɗaya, ka bi shi da wutsiya har ya mutu da kansa. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Wilf, zobensa na aure yana babban yatsan Enid, ya yi mata yawa amma ba ta cire shi ko za ta yi kwaɓin fulawa.

Ana nan sai ga Desmond Pickersgill. Baƙo ne, shekararsa tara kacal a ƙauyen, tun da ya bar aikin ofis a Leeds. Mutum ne mai fara'a da son a ce ya taimaka, irin waɗanda in suka ga ƙofa tana ƙara ba sa iya barci sai sun ɗiga mata mai. Ya shiga kwamitin wasa, ya kawo kwamfuta da manyan lasifika biyu, ya ce zamani ya wuce a riƙa girgiza kwano a bayan labule. Kwamiti ya zauna, aka sha shayi, aka yanke cewa wasan bana na'ura ce za ta yi tsawa. In jama'a sun yaba a wasan farko, ranar Asabar da rana, to ranar Litinin mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗauke fallen Enid, don wurin ma ana so a ajiye tsani.

Tsani fa. Wannan kalma ita ta fi tsaya wa Enid a maƙogwaro.

Abin da ya ƙara mata haushi, Desmond bai ko iya rashin kunya ba balle ta samu abin kamawa. Makonni biyu kafin wasan ya same ta a zauren, yana ta murza hula a hannu.

"Misis Ackroyd, don Allah ki ɗan kaɗa mini shi sau ɗaya. Ina so in auna ƙarfinsa ne, don kada nawa ya fi ƙarfin zauren."

Ya ajiye wani ɗan abu kamar akwatin ashana a kan kujera. Enid ta dube shi sama da ƙasa, ta nannaɗe hannun riga, ta kama ƙarfen ta yi masa wadda ba ta taɓa yi ba, don ya san abin da zai jefar. Da ta gama ta ɗauki jakarta ta fice, ko sai an jima ba ta ce masa ba.

Ana jibi wasa ta je gidan ƙawarta Hilda Braithwaite, wadda suka yi makaranta tare tun suna 'yan shekara biyar, suke kuma faɗa tun daga lokacin. Hilda ta yanka mata kek, ta tura mata butar shayi.

"Ke dai ki ci. Mutumin nan ya sace miki tsawa, shi ke nan, sai haƙuri."

Haka ake cewa a nan in wani ya yi maka shigar sauri ya kwashe yabon da ya kamata ya zama naka. Ranar aurenki ƙanwarki ta miƙe a tsakiyar liyafa ta sanar tana da ciki, ta sace miki tsawa. Ka kwana kana tunanin dabara, abokin aikinka ya riga ka faɗa wa maigida, ya sace maka tsawa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kowa na faɗin maganar, har yaran da ba su taɓa shiga gidan wasa ba, amma ba a faɗa wa Enid ita a kwana lafiya.

"Hilda, shekara nawa ina gaya miki ki daina maganar da ba ki san kanta ba?"

"To, an fara."

"An fara ɗin. Wajen shekara ɗari uku da suka wuce, a Landan, wani marubuci ya rubuta wasa. Wasan dai bai yi daɗi ba, amma mutumin ya ƙirƙiro sabuwar hanyar yin tsawa dominsa. Aka yi 'yan kwanaki masu gidan wasa suka ce ya kwashe kayansa, ba mai zuwa kallo. Bayan ɗan lokaci ya koma gidan nan kallon wasan wani. Yana zaune cikin jama'a sai ya ji tsawa, ya saurara, ashe tasa ce. An kori wasansa an riƙe tsawarsa. Sai ya miƙe tsaye yana ta masifa a gaban kowa. Daga nan maganar ta fito."

"Na sani. Sau ɗari kin ba ni."

"Da kin sani da ba ki faɗa ba. Wanda aka sace wa tsawa, ai tasa mai kyau ce, shi ya sa aka sace. Ni ba a sace tawa ba. Zubar da ita aka yi, don a ajiye tsani." Ta kurɓi shayi. "Shi ma dai marubucin ban ga wayonsa ba. Babban mutum ya tashi yana ihu ana cikin wasa? Ko kashe ni za a yi ba zan yi wannan abin kunya ba."

"Za ki je dai ranar Asabar?"

"Me zai hana? Kujerar gaba ma zan zauna. Ina so in ga fuskarsa sa'ad da akwatin nan nasa ya yi tusa."

Hilda ta ƙware da kek, sai da Enid ta bubbuga mata baya.

Ranar Asabar ƙarfe biyu saura kwata suka isa. Enid ta sa jar rigar sanyinta, wadda ba ta taɓa shiga zauren nan da ita ranar wasa ba. Sai ta ji duk ta zama baƙuwa. Ba ta san inda ake rataye lema ta wannan ƙofar ba, ba ta san kujerun na da sanyi haka ba. Mutane suna gaishe ta da irin muryar da ake gaisuwar mutuwa, ita kuwa tana amsawa da fara'a har da haƙora, don kada wani ya je ya ce an ga Enid Ackroyd ta karaya.

Wasan bana na jirgin ruwa ne da guguwa ta rutsa da shi. Alf Sugden mahauci shi ne kyaftin, ya manna gemun ulu har ƙirji, tumbinsa ya cika rigar da aka aro masa. Enid ta san wasan kamar yunwar cikinta, tsawa uku ce a ciki, ɗaya kafin hutun shayi, biyu bayansa. Da Alf ya ɗaga hannu ya dubi sama ya ce bai yarda da wannan gajimaren ba, sai ta gyara zama, ta zunguri Hilda, ta shirya dariya.

Abin ya taso daga can nesa, ƙasa-ƙasa, har ba ka tabbata ka ji ba. Kawuna suka fara ɗagowa. Aka ɗan yi shiru kamar an fasa. Sannan ta fashe. Tagogi suka amsa, kujera ta yi rawa a ƙarƙashin Enid, wata mata a baya ta saki jakarta alewa ta watse a ƙasa. Ƙarar ta bi ta kan rufi tana mirginawa, tana raguwa, har ta mutu can wajen ƙofa. Jama'a suka ɓarke da tafi ana tsakiyar wasa, abin da ba a saba yi ba.

Dariyar Enid ta koma ciki. Ba ta taɓa jin tsawa mai kyau irin wannan ba, ko ta Allah da ke sauka a kan tsaunuka ba kullum take kai haka ba. Gashin hannunta duk ya miƙe. Baƙin ciki ya kama ta, amma ba ta iya ƙarya a kan sana'arta.

"Hilda, na sha kaye," ta ce a hankali.

"Haba dai. Taki ma ai ba laifi."

"Rufe mini baki. Ba laifi ake ce wa miyar da aka ƙona."

Hutun shayi ya zame mata azaba. Aka yi layi a gaban tebur kowa bakinsa tsawa. Wani ya ce shi har ya duba ko ya bar shanya a waje. Matar limamin coci ta ce ashe an daɗe ana cutarsu, sai ta waiga ta ga jar riga a bayanta, ta shiga yabon biskit ba ji ba gani. Desmond bai fito ba, doka ta hana, amma Enid ta hango idonsa ɗaya ta tsagar labule, yana ganinta ya ja da baya. Ta ce a ranta, ji shi, ko murnar nasara bai iya ba. Ta tuna fallen Wilf yana jingine a bayan can, da motar da za ta zo ranar Litinin. Ta ce Hilda ta ɗauko lema su tafi. Hilda ta ce ita sai ta ga nutsewar Alf Sugden, shekara arba'in tana jiran wannan rana tun da ya sayar mata da naman da ya kwana.

Suka koma suka zauna. Jirgi ya shiga guguwa sosai, ana kaɗa shuɗin zane a matsayin teku, gemun Alf ya fara ɓallewa ta gefe guda. Tsawa ta biyu ta taso. Wannan karon Enid ta rufe ido, ta ce bari dai ta saurara kamar mai sana'a, ta ji yadda aka yi aka fi ta. Cida, shiru, fashewa, wutsiya. Can ƙarshen wutsiyar, daidai inda ƙarar ke mutuwa, sai ta ji wani ɗan sauti siriri.

Ƙil.

Ta buɗe ido. Ta dubi Hilda, Hilda na kallon Alf. Ta dubi babban yatsanta. Tsawar sama ba ta yin ƙil. Abin da ke yin ƙil shi ne zoben da ya yi wa yatsa yawa, in mai shi ta saki gefen ƙarfe ya zame ya daki bakin ƙarfen. Shekara huɗu tana jin haushin wannan ɗan sautin, tana cewa za ta naɗa wa zoben zare, ba ta naɗa ba.

Ta ce wa kanta, Enid, tsufa ne, kunnenki ne. Amma sai ta tuna ɗan abin nan mai kama da akwatin ashana da Desmond ya ajiye a kan kujera. Sauran tsawa ɗaya, kuma sai da aka yi minti goma sha biyu kafin ta zo, Alf yana ta doguwar wasiyya ga matarsa. Enid ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta ɗora hannuwa a cinya kamar ta riƙe ƙarfe.

Da ta uku ta taso, hannuwanta suka bi ta. Ta karkaɗa a hankali, cida ta karkaɗa. Ta tsaya ta ƙirga uku, zauren ya yi shiru na ƙirga uku. Ta fizga, rufi ya tsage. Ta bi wutsiya, ta saki yatsa.

Ƙil.

Ba ta san ta miƙe ba, sai dai ta ga kanta a tsaye cikin jar riga a gaban mutum ɗari da ashirin, dariya tana kuɓuce mata ta hanci.

"Tawa ce!"

Teku ya daina kaɗawa. Alf, wanda ruwa ya riga ya ci shi har wuya, ya ɗago daga cikin shuɗin zane, gemu na lilo a kunne ɗaya.

"Lafiya, Enid?"

"Lafiya lau, Alf, ci gaba da mutuwarka. Tsawar nan tawa ce. An sace mini tsawa." Ta juya ga jama'a tana share ido, dariya ta hana ta tsayawa daidai. "Kun ji ta? Wadda kuka yi wa tafi ɗazu? Wadda ta sa wancan ya tuna shanyarsa? Ni ce. Ni ce da fallen Wilf."

Hilda tana jan gefen rigarta. "Ke da kika ce ko kashe ki za a yi."

"Sake ni. Ashe mutumin nan na Landan ya fi ni gaskiya."

Labule ya motsa. Desmond Pickersgill ya fito cikin baƙaƙen kaya, kunnuwansa sun yi jawur, ya tsaya a tsakiyar teku. Daga can kujerun baya wani ya ce, "Kofuna, mako guda," zauren ya kwashe da dariya. Desmond ya jira aka lafa, ya share gumi.

"Gaskiya ne, Misis Ackroyd. Na nemo tsawa ta fi ɗari biyu, ta ƙasashe daban-daban, na gwada su a zauren nan. Wata kamar an ja tebur, wata kamar babbar mota ta wuce. Ba wadda ta zauna. Ranar da kika kaɗa mini, na naɗi sautin ne don in auna, wallahi niyyata ke nan. Da na koma gida na saurara, sai na rasa yadda zan yi. Na riga na cika baki a kwamiti. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki."

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji Hilda, da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Kowa ya zuba ido ya ga yadda Enid za ta yi da shi, don an san bakinta. Ita kuwa ta nemi fushin ta rasa, ko ɗigo babu. Ji take kamar ta sha abin da ya fi ƙarfinta.

"Malam Pickersgill, kai ɓarawo ne, amma ka iya zaɓe. Ina maganar tsani?"

"Tsani ya zauna a gidana," ya ce da sauri. "Ba mai taɓa ƙarfen nan. Ni zan buga wa mai motar waya da kaina."

Shugabar kwamiti, wadda ke riƙe da gefe ɗaya na teku, ta leƙo ta ce ita ma ta yarda, aka ce ita ma ta samu mako guda na wankin kofuna. Alf ya tambaya ko ya nutse ne ko ya jira, gwiwoyinsa sun gaji.

"Jira tukuna," in ji Enid. Ta koma ta zauna, ta gyara jar rigarta, ta ɗora jaka a cinya. "Malam Pickersgill, koma ka sake sa ta."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ka ƙara mata murya."

Ya koma da gudu. Tsawa ta sake tasowa, jama'a suka bi ta da tafi da buga ƙafa. Enid ta ce a sake. A ta uku Alf ya ga ba zai zauna banza ba, ya shiga nutsewa yana tasowa daidai da ƙarar, gemun ya faɗa teku, matar limami ta yi dariya har ta zame daga kujera. Sau biyar aka yi tsawa a zauren coci da ranar Allah, mutanen da ke wucewa a titi suna buɗe lema suna duban sama.

A ta ƙarshe Enid ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta saurara tun daga cida har wutsiya, ba ta motsa ba. Duk shekarun nan a bayan ƙarfen take tsayawa, inda ba a jin komai sai ƙarar kwano a cikin kunne da ciwon kafaɗa. Shi ma Wilf a can ya tsaya har ya bar duniya. Da ɗan sautin nan ya zo a ƙarshe, sai ta rufe babban yatsanta da ɗaya hannun, ta ji daɗi da kewa sun haɗe mata wuri guda har hawaye ya zubo.

"Hilda, dama haka take daga nan?"

"Haka take kullum."

"Shekara talatin da ɗaya, ba wanda ya gaya mini."

Hilda ta zaro hankici daga hannun riga ta miƙa mata.

"Mun ɗauka kin sani," ta ce.

Enid ta fyace hanci, ta ninke hankicin ta sa a jakarta ba ta mayar ba. Sannan ta ɗaga kai ta ce wa Alf to, yanzu ya iya nutsewa.